"Ashe awo ka tahi koyo": abin da na samu cikin karatun lissafi da ƙididdiga

  

Shekaranjiya bayan isha'i wata maƙwabciyarmu ta yi sallama gidanmu, ɗiyarta na biye da ita, ido ya yi jawur. Na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe yarinyar Bak ta samu, seri D. Karatun likita take so, makinta bai kai ba, sai aka ba ta shawara ta rubuta sunanta a sashen lissafi. Uwar ta zauna bakin tabarma ta ce mini: "Mushe, kai da ka yi karatun nan, don Allah hwaɗa mata gaskiya. In babu abin ci cikinshi, gara ta zamna gida ta kama sana'a."

Mun daɗe muna magana a daren nan. Da suka tafi sai na ga ai ba gidansu kaɗai ba ne. Duk shekara in sakamakon Bak ya fito, akwai gidajen da ake wannan muhawara. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku abin da na faɗa musu, ko wani zai amfana.

Ni ɗan ƙauye ne, kudu da Maraɗi, wajen Madarunfa. Babana mai awo ne a kasuwar hatsi. Bai taɓa shiga lakwal ba, allo kaɗai ya yi, amma ban taɓa ganin ya yi kuskuren kuɗi ba. Mace za ta ce a auna mata tiya goma sha bakwai a kan dala tasa'in tasa'in, kafin ta gama kwance bakin zane ya ce mata jika bakwai da dala ɗari da talatin. Ni da nake kwaleji a lokacin sai na ɗauki bik na mai da dala zuwa tamma, na ninka, na sake mayarwa, sannan in iske shi inda ya daɗe da zama.

Burinsa in zama likita, ko kuwa ɗan duwan. Ranar da na gaya masa lissafi zan karanta a jami'a, ya dube ni tun daga sama har ƙasa ya ce: "Lissahi? Shekara goma sha ukku kana lakwal, har yanzu ba ka iya ƙirga ba?" Mutanen da ke zaune rumfar suka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Gaskiya ba ni da amsar da zan ba shi. Abin da na sani kawai, ni ne na ɗaya a lissafi a lise ɗinmu, kuma ina ganin can ma haka za ta kasance.

Ba haka ta kasance ba. Debuwar ɗin farko na samu 4 bisa 20. Ni da ban taɓa sauka ƙasa da 15 ba! Na duba takardar na sake dubawa, ko sunan wani ne a kai. Sunana ne.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, lissafin lise da na jami'a suna ɗaya gare su, hali daban. A lise ana ba ka ƙa'ida ka hardace, a ba ka lambobi ka zuba ciki, amsa ta fito. A jami'a lambobin ma sai ka neme su ka rasa, haruffa ne cike da tablo. Malami ba ya tambayarka "nawa ne?", tambayarsa ita ce "ta yaya ka sani?" In ka ce abu gaskiya ne domin ka gwada sau goma ya yi, sai ya ce maka sau goma ba hujja ba ce, wa ya tabbatar maka na goma sha ɗaya zai yi? Dole ka kawo dalili bi da bi, kowane mataki ya tsaya kan wanda ya gabace shi, har wanda ba ya ƙaunarka ma ya rasa inda zai kama ka. Ni kuwa harda na iya. Shekarar ta ƙare na faɗi, na je zagaye na biyu na sake faɗuwa. Na maimaita aji. Laifina ne, ba na kowa ba. Hutun nan gaba ɗaya na ɓoye wa mutanen gida, in an tambaye ni karatu sai in ce alhamdulillahi in canza zance.

Abin da ya cece ni a shekara ta biyu ƙungiya ce ta mutum huɗu. Muka sayi alli, muka samu wani tsohon tablo, kullum bayan isha'i muna gabansa har dare ya raba. Dokarmu ɗaya ce: duk wanda ya ce ya gane abu, sai ya bayyana wa sauran da Hausa, ba da Faransanci ba. Nan ne ƙarya ke ƙarewa. Da Faransanci kana iya maimaita jimlar malami ba ka san abin da take nufi ba. Da Hausa kuwa, in ba ka gane ba bakinka zai tsaya. Wadda ta fi mu duka a ƙungiyar wata yarinya ce daga Tawa. Na faɗi wannan ne domin masu cewa lissafi ba na mata ba ne. Sau nawa muna maza uku tsaye mun rasa hanya, ita ta karɓi allin ta warware.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, lisansi shekara uku ce, zango shida, a tsarin nan da ake kira LMD. Shekarar farko tushe ake ginawa: aljabra, nazarin yadda adadi ke sauyawa, da rubuta wa kwamfuta umarni. Daga shekara ta biyu ne ake shiga lissafin yiwuwa da ƙididdiga, kuma nan ne na fara ganin garinmu cikin karatun. Mai babbar mota da ke ɗaukar kaya daga Maraɗi zuwa Yamai, wane kaya zai loda, nawa-nawa, don ya fi samun riba ba tare da ya wuce nauyi ba? Akwai lissafinsa. Gidan likita na ƙauye, kwalin maganin zazzaɓi nawa ya kamata a ajiye kafin watan Agusta, don kada ya ƙare a tsakiyar damina, kada kuma ya yi yawa ya lalace? Akwai lissafinsa. Farashin gero da ke faɗuwa da kaka ya tashi da damina, nawa ne na al'adar kowace shekara, nawa ne alamar cewa bana akwai matsala? Shi ma akwai lissafinsa. Abin da ake nufi da lissafin aiki ke nan: ka ɗauko matsala daga kasuwa ko gona ko asibiti, ka mai da ita lissafi, ka warware, ka mayar wa masu ita da amsar da za su iya aiki da ita.

Duk da haka ban san darajar abin da nake koyo ba sai a babban hutun da ya biyo bayan aji na biyu, lokacin da wata magana ta taso a garinmu.

Muna da bankin cimaka. Da kaka, lokacin da hatsi ke da sauƙi, kwamitin gari ya sayi buhu 120 na gero ya zuba a mangaza, don a riƙa sayar wa mutane tiya-tiya da rahusa in damina ta yi tsakiya, rumbuna sun yi ƙasa. A littafi an rubuta kowane buhu tiya 40, kamar yadda kowa ya saba faɗa. Mai riƙe da makulli da littafin kawuna ne, wan Innata.

Da aka sayar da buhu 50, kwamiti ya zauna lissafi. Buhu 50 sau 40, ya kamata a ga kuɗin tiya 2,000. Aka ƙirga aka sake ƙirgawa, kuɗin tiya 1,835 ne. Tiya 165 babu su, wato sama da buhu huɗu. Ku da kuka san ƙauye a watan Agusta kun san abin da buhu huɗu yake nufi. Lokacin ne mata ke dafa tafasa da zogale a yi kwaɗo a kwana. A ce mutum ya ci buhu huɗu na talakawa a irin wannan lokaci, ai an gama da shi.

Na iske gari ya ɗauka. Kawu in ya shiga masallaci sai sahu ya yi masa faɗi. Maganar auren ɗiyarsa da aka fara, dangin yaron suka ce a dakata tukuna. Wasu matasa na cewa a kai shi jandarmari. Inna ba ta cin abinci. Shi kuwa rantsuwa kawai yake yi, rantsuwar kuma ba ta mai da tiya ko ɗaya.

Da dare muna zaune tsakar gida, Baba ya ce: "Ni ban ce ya ci ba, ban ce bai ci ba. Amma tun da nike awo ban taɓa ganin buhun da anka ɗinke da kaka ya ba da tiya arba'in cif da damina ba." Na ce: "Baba, saboda mi?" Ya lissafa mini. Geron kaka da sauran danshi, in ya daɗe a ajiye yana ƙara bushewa ya kwanta. Mai cika buhu don ya sayar, awonsa na sauri ne, bakin tiya kawai yake nema. Matar da ta zo saye da ƴan kuɗinta kuwa ba ta yarda sai an tsayar mata da tozo, ta kuma roƙi gyara. Ga abin da ke zuba, ga na ɓera. Na ce to me ya hana ya faɗa wa kwamiti? Ya ce: "Surukina ne. In na buɗe baki, cewa za su yi na rufa mishi asiri."

A nan na ga inda karatuna zai shiga. Baba ya san dalili, amma ba shi da hanyar da zai sa wanda ba ya yarda da shi ya yarda. Ni ban san dalilin ba, da bai faɗa ba da ban taɓa tunaninsa ba, amma hanyar ita aka yi shekara biyu ana koya mini.

Da safe na je gaban maigari na durƙusa na ce: "Ranka ya daɗe, akwai sauran buhu 70 a mangaza, a ɗinke, tare aka saye su da waɗanda aka sayar. A ba ni izini a auna." Ya ce lokacin noma ne, ba wanda zai bar gonarsa kwana biyu yana kallon awo, kuma ba za a farke buhu saba'in cikin wannan danshi ba. Na ce ba duka ba, goma sha biyar sun isa. Wani dattijo ya ce: "Ɗan lakwal, goma sha biyar za su ba ka labarin saba'in?" Na ce: "Baba, in za ka sayi buhu kasuwa, zazzage shi kake yi ka duba ƙwaya-ƙwaya?" Ya ce a'a, hannu yake turawa ya damƙo. Na ce: "Daga sama kaɗai?" Ya ce: "Wa ka yarda da na sama? Sai na tura har tsakiya." Na ce to shi ke nan, abin da zan yi ke nan. Maigari ya ba mu daga la'asar zuwa magariba.

Babbar tambaya ita ce wa zai zaɓi buhunan. In ni na zaɓa, za a ce na nemo marasa nauyi don in wanke kawuna. In masu zargi suka zaɓa, manya-manya za su jawo. In aka ɗauki na bakin ƙofa don sauƙi, wataƙila duk daga hannun ɗan kasuwa ɗaya suka fito. Sai na ɗauki gawayi na rubuta wa kowane buhu lamba daga 1 zuwa 70, na yayyaga takardun kayena guda 70 na rubuta lambobin, na nannaɗe na zuba cikin ƙwarya. Aka kira wani yaro ɗan shekara biyar da bai san karatu ba, ya riƙa tura hannu yana ciro ɗaya-ɗaya har goma sha biyar. Wannan shi ne abin da a aji muke kira zaɓen ƙuri'a: kowane buhu damarsa daidai da ta ɗan uwansa, son ran kowa bai shiga ba. Mai awo kuma na roƙi ya zama mutumin da ya fi kowa ɗaga murya wajen zargi, da tiyar da ake sayarwa da ita, da irin tozon da ake yi wa mata.

Kafin a farke buhun farko na tsaya gaban jama'a na faɗi sharaɗi. In buhunan nan suka ba da arba'in arba'in, to hatsi ya ɓata, kuma mai makulli ne zai amsa. In suka gaza, giɓin tun daga kasuwa ya zo. An koya mana cewa ana faɗin sharaɗi tun kafin a ga sakamako, don kada mutum ya gani sannan ya gyara maganarsa. Wallahi ina faɗi gwiwata na rawa, domin ban san abin da ke cikin buhunan ba. Yana yiwuwa da hannuna in ɗaure wan uwata a gaban gari. Na dubi Kawu. Ya ce: "Auna, ɗana. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Buhun farko tiya 37. Na biyu 36. Na uku 38. Na huɗu 35. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai zubar gero. Har aka gama goma sha biyar babu wanda ya kai 40. Mafi yawa 39, mafi ƙanƙanta 35. Jimla tiya 555, in ka raba goma sha biyar, kowane buhu 37. Na rubuta a ƙasa da kara: buhu 50 sau 37, tiya 1,850. Kuɗin da ke hannu na tiya 1,835 ne.

Wani ya ce: "To, tiya goma sha biyar ɗin da sunka rage fa?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce zuciyar karatun ƙididdiga. Na ce goma sha biyar muka auna, ba duka ba. Da yaron nan ya ciro wasu takardun daban, da wataƙila 36 da rabi za mu samu, ko 37 da rabi. Awon samfuri ba ya ba da lamba ɗaya tak, tazara yake bayarwa. Da na yi lissafin yadda buhunan suka bambanta da juna, abin da ake sa ran buhu 50 su bayar yana tsakanin kusan tiya 1,820 da 1,880, kuma 1,835 na ciki. Na ce musu ni ba zan rantse cewa Kawu bai taɓa cin tiya ɗaya ba, wannan Allah kaɗai ya sani. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, buhu huɗun da ake nema ba su taɓa shiga mangazar nan ba. Baba, da bai ce uffan ba tun la'asar, ya ce: "Ba a satar abin da ba a aje ba."

Ba zan ce muku kowa ya zo ya ba Kawu haƙuri ba. Wasu sun zo, wasu har yau kunya ta hana su. Amma ba a je jandarmari ba, an ɗaura auren bayan kaka, kuma tun daga shekarar kwamiti ba ya rubuta "buhu" a littafi sai an auna an rubuta tiyar da ke ciki. A hanyarmu ta komawa gida a daren nan, Baba yana gaba ina baya, ya ce ba tare da ya waiwayo ba: "Ashe awo ka tahi koyo." Ban taɓa samun makin da ya kai wannan daɗi ba.

Ku lura, babu wanda ya yi ƙarya a garin nan. Lamba ɗaya ce, arba'in, kowa ya karɓa ba wanda ya tambayi wa ya auna ta, ta kusa zubar da mutuncin dattijo. Irin waɗannan lambobi sun cika rayuwarmu, a rediyo, a WhatsApp, a bakin ƴan siyasa. Karatun ƙididdiga yana sa maka wasu tambayoyi a baki har su zama jiki: wa ya ƙirga, su wa aka ƙirga, su wa aka bari, da wace tiya aka auna?

Ga misali biyu. A unguwa mai gida goma, Alhaji ɗaya na da shanu ɗari, sauran tara ko akuya babu. In aka raba, sai a ce kowane gida na da shanu goma. Lissafin daidai ne, labarin ƙarya ne. Mai ƙididdiga na gari ba ya tsayawa kan matsakaici, sai ya duba yadda abin ya rarrabu. Na biyu: za ka ji wasu na cewa cin tumu ko sabuwar masara ke kawo zazzaɓi, domin lokaci ɗaya suke zuwa. Gaskiya tare suke zuwa, amma ruwan sama ne ya kawo su duka biyu: shi ya nunar da amfanin gona, shi ya cika kududdufan da sauro ke haihuwa. Abu biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya.

Abin da ya faru a mangazarmu shi ke faruwa a ƙasa baki ɗaya, sai dai buhunan sun fi yawa. Nijar ta yi ƙidayar jama'a a 1977, 1988, 2001 da 2012. Ta 2001 ta samu mutum miliyan 11 da ɗan kai, ta 2012 kuwa, wadda Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, ta gudanar, ta samu 17,138,707. Jihohin Damagaram, Maraɗi da Tawa kowace ta wuce miliyan 3. Ƙaruwar ta kai kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Akwai wata ƴar dabara: ka raba 70 da wannan adadi, za ka samu shekarun da jama'a za su ninka. Ya ba da kusan 18. Ma'ana, in aka ci gaba da wannan tafiya, kafin jaririn yau ya zauna jarrabawar Bak, ana buƙatar ninki biyu na azuzuwa, rijiyoyi, gadajen asibiti da hatsi. Wani ne zai zauna ya lissafa wannan gari-gari. Mu da muka ga yunwar 2005 muna yara a yankin Maraɗi mun san abin da ake nufi in aka makara wajen gane cewa cimaka ba za ta kai ba. Masu bin kasuwanni suna rubuta farashin hatsi kowane mako, da masu auna ruwan sama, da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 tana bin yanayin damina a ƙasashen Sahel, duk aikinsu ya dogara ga mutanen da suka iya karanta lambobi. In ba mu horar da ƴaƴanmu ba, kullum sai mun jira baƙo ya zo ya auna mana namu.

Masu cewa wannan karatun Nasara ne, su ma ina da magana da su. Kalmar aljabra daga littafin Al-Khawarizmi ta fito, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, kuma babban ɓangaren littafin kan rabon gado da wasiyya yake. Duk malamin zauren da ke fitar da sumuni da sudusi da sulusi lissafi yake yi. Mu Katsinawan Maraɗi ma muna da namu: Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malami daga Katsina, ya rubuta littafi kan yadda ake jera lambobi cikin hatimi kowane layi ya ba da jimla ɗaya, a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Har yau masu tarihin lissafi na ambatonsa.

Sai tambayar maƙwabciyata: akwai abin ci cikinsa? Ba zan yi muku daɗin baki ba. Babu wanda ke tsaye bakin ƙofar jami'a da takardar ɗaukar aiki. Ni kaina da koyarwa na fara, shi ya sa har yau ake ce mini Mushe, kuma ban ga abin kunya a ciki ba, lise nawa ne ke neman malamin lissafi ido rufe? Daga baya na shiga aikin tattara bayanai a ƙauyuka, yanzu ina haɗa biyun. Cikin abokan karatuna akwai mai aiki a banki, akwai na kamfanin waya, akwai na ƙungiyoyin agaji, akwai kuma wanda har yanzu yana nema. Abin da na lura, wanda ya tsaya kan alli da takarda kaɗai yana daɗewa. Wanda ya haɗa da kwamfuta, ya iya Excel da kyau, ya koyi R ko Python, waɗanda kyauta ake sauke su, ya ɗan iya Ingilishi, ya kuma iya bayyana sakamakonsa ga wanda bai yi lakwal ba, shi ake kira. Mai son ya yi nisa kuma akwai gasar shiga manyan makarantun ƙididdiga na Afirka: ENSEA a Abijan, ENSAE a Dakar, ISSEA a Yawunde. Gasar na da zafi, amma lisansin lissafi na daga cikin ƙofofinta. A nan gida, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi duk suna da tsangayar kimiyya inda ake karanta lissafi.

Ga ƙannena da suka samu Bak bana: kada ka shiga don kawai an hana ka wani wuri kana jin haushi, kada kuma ka ƙi shiga don tsoro. Tambayi kanka, in matsala ta gagare ka, kana iya kwana da ita ka tashi da ita? In eh, ka isa. Ka shirya wa faɗuwa a farko, maki 4 bisa 20 ba ya kashe mutum, ga ni. Ka nemi abokan tablo tun makon farko. In ka faɗi kada ka ɓoye wa gida kamar yadda na yi, nauyin ɓoyon ya fi na faɗuwar. In ka zo hutu kuma ka zauna kusa da masu awo, da mata masu adashi, da dillalan dabbobi, ka saurara. Su suka san inda tiya uku ke ɓacewa.

Ga iyaye kuma, don Allah ku yi haƙuri da yaron da ya ce lissafi zai karanta, ko da ba ku ga farar riga ko kaki a ƙarshen hanyar ba. Shekarar farko ce ta fi buƙatar addu'arku.

Yarinyar maƙwabciyarmu ta dawo jiya da safe ita kaɗai. Ta ce: "Yaya, littafin nan na shekarar farko da ka ce ya kayar da kai, yana nan?" Na shiga ɗaki na ɗauko mata shi, duk gefensa rubutuna ne da jan bik. Ban san ko za ta shiga sashen ba, shawara tata ce da iyayenta. Ta dai tafi da littafin.

Wanda ya yi wannan karatu, ko yake cikinsa yanzu, ya faɗa mana yadda tasa ta kasance don ƙannenmu su ji daga baki fiye da ɗaya. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya sa mu gama da damina lafiya.